Bujin da Ya Tashi Ranar da Kaka Ta Dawo Daga Makka

Abubuwa da yawa sun faru da ni da na riga na manta, wasu ma sai an tuna mini nake cewa ashe haka aka yi. Amma ranar da muka je taryen kakata daga aikin hajji a cikin tsohuwar motar marigayi mijinta, wannan kam ko tsufa ya taɓa mini hankali ba na jin za ta fita daga kaina. Har yau idan dangi suka haɗu a gidanmu na unguwar Ambassatna da wuya a tashi hira ba a taɓo ta ba, kuma kowa da yadda yake ba da labarin. Ga nawa, ni da nake zaune a bayan direba.

Kakar da nake magana ita ta haifi mahaifiyata, kuma a nan N'Djamena aka haife ta. Iyayenta sun baro ƙasar Hausa da ƙafa da niyyar Makka, suka yada zango a bakin kogi don su tara guzuri su ƙara gaba. Guzurin bai taru ba, sai 'ya'ya suka taru. A nan suka ƙare rayuwarsu. Ita ma ta yi aure ta haifi nata, mijinta, wanda kowa ke kira Malam, ya sha yi mata alkawarin za su je tare, Allah ya karɓi abinsa kafin lokacin ya yi. Saboda haka da 'ya'yanta suka haɗa hannu suka biya mata kujera, a gidanmu ba tafiyar mutum ɗaya muka ɗauke ta ba. Ji muke yi kamar tafiyar da aka fara tun kafin a haifi iyayenmu ce za a ƙarasa.

Da za ta tafi abu ɗaya ta roƙa. Ta ce ranar dawowarta kada wanda ya je mata da motar aro ko ta haya, da motar Malam take so a ɗauko ta. Motar kuwa wata tsohuwar kat-kat ce, irin jif ɗin nan na shiga daji, mai silinda shida, tana ajiye a gidan kawuna a unguwar Goudji. Tana tashi, tana tafiya, amma ta gaji. Idan ta shiga yashi sai an yi ta lallashinta kamar jaririn da ya ƙi barci.

Wannan roƙo na Kaka shi ya buɗe wa yayana ƙofar da ya daɗe yana nema. Yayana gyaran janareta ne aikinsa, amma zuciyarsa tana wajen mota. Tun da daɗewa ya sa wani abokinsa ɗan kasuwa ya taho masa da wata na'ura ta hannu daga waje, wadda ake ɗorawa a kan inji, bel yana juya ta, tana cusa wa injin iska fiye da yadda zai iya shaƙa da kansa, sai ƙarfinsa ya ƙaru. Shi yana kiranta sufacaja, Kawu yana ce mata kwamfaresa yadda makanikan garin nan ke faɗa, mahaifiyata kuwa "tukunyar nan" kawai take cewa. Kawu ya daɗe yana hana a ɗora ta a motar mahaifinsa. Amma da yayana ya ce masa ai bai kamata hajiya guda ta dawo daga Makka a motar da ke nishi ba, sai ya sakko, da sharaɗin duk abin da za a yi a gabansa za a yi.

Kawu tsohon direban babbar mota ne, ya ci hanyar Abeche har ya gaji. Hannunsa ɗaya ya kai nawa biyu. Imaninsa game da mota guda ɗaya ne: abin da ya kwance a daji shi ke kashe mutum, don haka duk abin da ke ɗauruwa a ɗaure shi har sai ya yi kuka. Yayana kuwa mutumin waya ne, kafin ya taɓa kusa sai ya kalli yadda wasu suka yi a bidiyo. Ka haɗa waɗannan biyun a ƙarƙashin kapon mota ɗaya, wato murfin inji, ba ka buƙatar rediyo. Ni nake kai musu abinci ranakun da ba na aiki, kuma gaskiya ba don tausayinsu kaɗai nake zuwa ba, har da kallo.

Ina wurin ranar da aka zo kan buji, wato abin da 'yan Najeriya ke kira fulogi. Yayana ya fito da sababbi a kwali, ya ce tsofaffin ba za su yi ba, domin da zarar an ƙara wa inji iska, zafi da matsin da ke cikin silinda ƙaruwa suke yi, dole a sa bujin da ke saurin zubar da zafi, a kuma ɗan rage tazarar bakinsa. Abin mamaki Kawu bai yi musu ba. Rigimar a wajen ɗauri ta tashi. Yayana ya ciro wata doguwar sufana mai lambobi a jikin mariƙinta, ya ce ana saita ta daidai awon da ake so, idan ɗauri ya kai sai ta yi ƙat, a tsaya. Ya ce kan injin nan, kulas ɗin, na alminiyam ne, ƙarfe mai laushi, idan aka matsa fiye da ƙima haƙoran ramin ne za su tafi.

Kawu ya karɓi sufanar ya jujjuya ta, ya miƙa masa abarsa. Ya ce shi shekara da shekaru damtsensa ne ma'auninsa, kuma bai taɓa barin buji a hanya ba. Suna cikin haka sai aka gano bakin sufanar bai dace da soket ɗin bujin da suke da shi ba, sai an nemo wani ɗan mahaɗi. Yayana ya ce a bari sai gobe ya sayo. Kawu ya ce shi ba ya kwana da aiki a buɗe saboda ƙarfen da bai kai ɗan yatsa ba. Daga ƙarshe suka raba bujin kamar gado: uku na gaba na Kawu, uku na baya na yayana.

Na ga yadda Kawu ya ɗaure nasa. Ya kafa ƙafa a taya, ya ja har jijiyar wuyansa ta fito. Yayana, da haushi da kuma tsoron kada ya lalata kulas, ya murza nasa da hannu har suka zauna, ya ɗan taɓa su da sufana kamar mai gudun kada ya tashe su daga barci. A hanyar komawa gida ya gaya mini shirinsa: zai sayo mahaɗin, ya faki idon Kawu, ya sake ɗaure duka shidan da awo. Ya kuwa sayo, ya jefa shi a aljihun mota. Sai bel ya fara ba su wahala, daga nan tiyon ruwa, sai kuma aka aiko cewa jirgin su Kaka ya matso kusa fiye da yadda aka zata. Maganar buji ta bi ruwa. Da suka gwada motar a cikin unguwa a hankali, lafiya lau ta yi, sai wani siririn fito da take yi idan an taka ta, wanda ya sa maƙwabta leƙowa.

Ranar dawowar, da la'asar muka isa filin jirgi. Kaka ta fito cikin fararen kaya, ta ɗan rame, amma idonta sai ƙyalli yake yi. Bayan an gama rungume-rungume da koke-koke, ta nufi motar ta ɗora tafin hannunta a kan kapo. Sannan ta ce kafin a kai ta gida, Lamadji za a fara kai ta, inda aka binne Malam. Kawu ya ce, "Inna, gida cike yake da mutane, an sauke tukwane tun ɗazu." Ta ce masu rai za su iya jira, su da ke da shayi. Aka tura mahaifiyata da sauran jama'a gida da kaya, mu huɗu muka shiga motar Malam: yayana a sitiyari, Kaka a gefensa, ni da Kawu a baya.

Da muka bar cunkoson gari hanya ta buɗe, Kaka ta karkata kunne ta tambayi wane tsuntsu ne ya shiga injin. Yayana ya shiga yi mata bayani da zumuɗi, tana gyaɗa kai kamar ta gane. Da ya gama ta ce, "To maigidan, ai ba a baki ake jin ƙarfin mota ba. Nuna mini." Haka take kiransa tun yana yaro, irin wasan kaka da jika. Shi kuwa dama abin da yake jira ke nan. Ya taka. Fiton nan ya ɗaga, motar da na sani tana ja da ƙyar ta zabura har bayana ya manne da kujera. Kaka ta riƙe mayafinta tana dariya kamar yarinya, ta ce Malam bai taɓa gudu da ita haka ba. Ko Kawu sai da na ji ya ce ƙasa-ƙasa, ba laifi.

Bai rufe baki ba muka ji wata ƙara, tau, kamar an harba bindiga a cikin motar.

Wanda bai zauna garin nan ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. Mu nan da muka ga yaƙi, duk wanda ya kai wasu shekaru ba ya tambayar mene ne sai bayan ya kwanta. Kawu ya danna kaina ƙasa da hannunsa mai nauyi, shi ma ya duƙa. Kafin kaina ya kai ƙasa, ta taga na hango mai shayin bakin hanya ya faɗa bayan bencinsa, wani ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, ya saki babur ɗinsa ya yi cikin kwata. Motar ta shiga yin fat-fat-fat tana karkarwa, yayana ya gangara gefe ya kashe ta, fuskarsa ta yi fari fat. Mutum ɗaya ne bai motsa ba. Kaka ta waiwayo ta dube mu a dunƙule a ƙasan kujera ta ce, "Ku tashi, wannan ba bindiga ba ce. Na san muryar bindiga. Motar Malam ce ta yi atishawa."

Da aka ɗaga kapo, ga buji ɗaya yana lilo a jikin wayarsa, ya bar ɗan lotsawa a inda ya daki ƙarfe. Kawu ya leƙa ya ƙirga daga gaba, ya ga na baya ne, cikin na yayana. Ban taɓa ganin mutum ya warke daga tsoro da sauri irin haka ba. Kafin ka ce me, ya juya ga mutanen da suka fara taruwa yana yi musu bayani da Larabci, yana nuna damtsensa, yana cewa yaran yanzu waya ta cinye musu ƙarfi. Yayana ya sunkuya kan injin. Ya ɗauki bujin da tsumma yana dubawa. Bakin bujin ya ƙone ya yi fari, domin bujin da bai zauna daram ba ba ya iya miƙa zafinsa ga jikin inji, ga shi kuma matsin sufacaja ya yi ta girgiza shi yana kwancewa kaɗan-kaɗan har ya yi tsalle. Abin da yayana yake tsoro shi ne kada ya kasance bujin ya tafi da haƙoran ramin. Idan haka ne, babu Lamadji a ranar, sai dai a ja motar a sauke kan inji, Kaka kuma ta shiga gari a motar haya, abin da ta ce ba ta so.

Ita kuwa ta riga ta sauka ta zauna a bencin mai shayi, wanda ya fito yana kakkaɓe riga yana jin kunya. Ta sa ya zuba wa kowa, har da ɗan kilandon da ya fito daga kwata, ta kwance bakin mayafinta ta raba dabinon Madina. Sai ta kira Kawu da yayana ta tambayi abin da ya faru. Suka fara magana lokaci guda, ta ɗaga hannu ta ce ni in faɗa tunda ina wurin. Na faɗa mata komai, har da rabon uku-uku. Ta tambaya ko abin awon nan yana nan. Yayana ya ce yana cikin mota, har da mahaɗinsa. Ta ce to a kwance duka shidan a sake ɗaurawa da shi a gabanta.

Kawu ya ce nasa ukun ba su da matsala, ai ga shi ba su tashi ba. Ta dube shi ta saman kofin shayi ta ce, "Idan lafiyarsu ƙalau, me kake tsoro a duba?" Mutumin da furfura ta cika masa gemu ya sunkuyar da kai ya ce to, Inna.

Yayana ya ce sai inji ya huce tukuna, domin alminiyam da zafi ya fi saurin lalacewa, awo ma ba ya fita daidai. Muka zauna jira, ina ta duban rana tana sauka, gida kuma sai kira suke yi. Kaka ko a jikinta. Ta shiga ba mai shayi labarin Arfa da Larabcinta na 'yar gari, mutane suna ƙaruwa, wasu na neman ta sa musu albarka. Wata mata mai sayar da gyaɗa ta kawo mata ƙulli guda kyauta. Wurin ya koma kamar an shirya walima a bakin titi.

Da inji ya huce, yayana ya haska ramin da fitilar waya, ya share shi da tsumma. Haƙoran sama sun ɗan ci, amma na ciki suna nan. Yana da sabon buji guda ɗaya da ya yi saura, ya zura shi ya fara murzawa da yatsu, mu duka mun zuba masa ido. Ya shiga sumul har ƙasa. Yayana ya ce alhamdu lillahi.

Sai aka zo kan na Kawu. Na farko sai da su biyun suka haɗa ƙarfi kafin ya motsa, da ya fito kuwa ga ɗan garin ƙarfe fari-fari a haƙoransa, zoben da ke gindinsa ya baje kamar takarda. Na biyu da aka ɗaga shi a haske, sai ga tsaga siririya a farin jikinsa, da baƙin layin hayaƙi inda iska ta fara tsiyaya. Yayana ya ce da mun ƙara tafiya, wannan ma da ya ba mu labari. Kawu ya karɓa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wataƙila haka ya zo daga kamfani. Mai shayi ne ya fara ƙyaƙyacewa, sai Kaka, sai kowa, daga baya shi ma Kawun ya kasa riƙewa, ya yi dariya har yana dafa mota. Tunda sabo ya ƙare, aka lalubo ɗaya daga cikin tsofaffin bujin a bayan mota aka sa a madadinsa, da sharaɗin ba za a sake taka motar da ƙarfi ba sai an canza.

Kaka ce ta raba aikin. Ta ce yayana ya saita lamba, Kawu ya ja. Wani daga cikin 'yan kallo ya kawo shawarar a shafa baƙin mai a haƙoran don su shiga da sauƙi, yayana ya ce a'a, santsi yana yaudarar sufanar, ta bari a wuce awo ba a sani ba. Kowane buji sai an murza shi da hannu ya zauna, sannan a ɗora sufana a ja a hankali ba tare da fizga ba. Kawu ya kama na farko ya fara ja, bai ko gyara tsayuwa ba sufanar ta ce ƙat. Ya tsaya ya dubi yayana.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Kawu."

Na ga kafaɗarsa ta motsa zai ƙara ɗan kaɗan, yayana ya riƙe masa wuyan hannu cikin ladabi ya ce, "Kawu, ta ce ya isa." Da aka zo kan na baya kuma, sai ga shi sufanar ta yi tafiya mai nisa kafin ta yi ƙara, abin da ya nuna yadda yayana ya bar su sakwa-sakwa. Kawu bai bar wannan ta wuce ba, kowane juyi sai ya waiwayo ya dube shi. Haka suka gama shidan, kowa ya sha nasa rabon kunyar daidai gwargwado.

Aka tayar da mota ta kama lafiya lau, 'yan kallo suka yi mana fatan sauka lafiya, mai shayi ya ƙi karɓar komai. Mun isa Lamadji rana ta yi ja amma ba ta faɗi ba. Kaka ba ta shiga ciki ba, ta tsaya daga bakin maƙabarta ta jingina da motar, ta ɗaga hannu ta yi addu'a mai tsawo, ga Malam, ga iyayenta. Da ta shafa sai na ji ta ce a hankali, kamar mai ba da saƙo ga wanda ke ɗaki na kusa, "Malam, na je. Na isar da su Baba ma." Kawu ya juya baya yana gyara madubin da ba abin da ya same shi.

A gida mun tarar shinkafa ta huce, mahaifiyata ta cika ta batse. Amma da Kaka ta zauna a tsakiyar mata ta fara kwaikwayon yadda ni da Kawu muka dunƙule a ƙasan kujera, faɗan ya narke. Daga baya sai da aka kai motar gareji aka gyara ramin bujin farko na Kawu da na yayana da ya tashi, kuɗin aikin kuma suka raba biyu ba tare da an ce musu ba. Sufanar nan kuwa a gidan Kawu ta ƙare. Aro ya ce ya yi, har yau bai mayar ba, kuma na ji labarin ko tayar mota za a ɗaura a unguwarsu sai ya fito da ita yana yi wa mutane wa'azi.

Na daɗe ina tunanin ranar nan, musamman yanzu da Kaka ta bi Malam. Su biyun nan babu wanda ya yi ganganci da gayya. Kawu ya matsa ne don yana tsoron kada mahaifiyarsa ta tsaya a hanya, yayana ya sassauta don yana tsoron kada ya lalata motar kakansa, dukansu ƙauna ce ta sa su, kuma dukansu kintace suka yi. Abin da na koya shi ne kyakkyawar niyya da daɗewa a kan aiki ba sa gaya wa mutum inda ya kamata ya tsaya. Idan abu yana da awo, a nemi awon a bi, ko da za a kwana ana jira. Kuma idan na ga mutum biyu da nake ƙauna suna musu kowa ya rantse shi ke da gaskiya, na daina saurin zaɓar ɓangare, domin na taɓa gani da idona an buɗe kapo an tarar kuskuren na dukansu biyun ne.